BABI NA UKU: SHIRYA CIBIYOYIN KOYAR DA GYARAN GIDA BA TARE DA YAƊA GUBAR DALMA BA A ƘASAR AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ƙasar Amurka ta tsara shirya ƙungiyoyi da cibiyoyin da ke koya wa 'yan kwangila gyaran tsofaffin gidaje ba tare da sun watsa ƙurar dalma a cikinsu ba. Za a fara da bayanin matsalar kanta, sannan dokar da aka kafa dominta. Daga nan sai a duba sharuɗɗan da cibiya za ta cika kafin a ba ta izinin koyarwa, da irin malaman da ake bukata, da abin da ake koyarwa, da kuma matsalolin da tsarin ya ci karo da su. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, nauyin wannan doka gaba ɗaya a wuyan cibiyar horaswa ya rataya. Dalili kuwa, kwana ɗaya tak ɗan kwangila yake yi a gabanta, kuma takardar da ta ba shi a ƙarshen wannan kwana ita ce shaidarsa ta ƙwarewa.

3.1 Tushen Matsalar

Dalma wani ƙarfe ne mai taushi da nauyi wanda aka daɗe ana zuba shi a cikin fenti domin ya sa fentin ya bushe da wuri, ya yi ƙarko, ya kuma jure wa danshi. An daɗe da sanin illarsa. Tun a shekarar 1904 wani likita mai suna Lockhart Gibson a birnin Birisben na ƙasar Ostireliya ya danganta ciwon da yake gani a jikin yara da fentin da ke jikin gidajensu. A shekarar 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen fentin cikin gida. Duk da haka, sai a shekarar 1978 Amurka ta haramta sayar da fentin dalma don amfanin gidaje.

Haramcin ya tsayar da sabon fenti, amma bai kankare wanda ya riga ya hau bango ba. Alƙaluman da hukumomin ƙasar suke amfani da su sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na gidajen da aka gina kafin 1940 suna ɗauke da fentin dalma, haka ma kashi 69 na waɗanda aka gina tsakanin 1940 da 1959, da kashi 24 na waɗanda aka gina tsakanin 1960 da 1977. Binciken da Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta gudanar a shekarun 2018 da 2019 ya ƙiyasta cewa gidaje miliyan 34.6 ne suke da irin wannan fenti a wani sashe nasu.

Muddin fentin yana lafe a jikin bango, an kuma rufe shi da wani sabo, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da kafinta ya zo cire tsohuwar taga, ko mai fenti ya sa sanfefa ya goge bango, ko mai gyaran famfo ya fasa gini don ya kai ga bututu, a ranar ne fentin yake komawa ƙura. Wannan ƙura tana da laushin da ido ba ya ganinta bayan ta kwanta, kuma tsintsiya ba ta kwashe ta, sai dai ta ƙara tayar da ita. Yaro mai rarrafe yakan dafa ƙasa ya kai hannu baki, ta haka dalma take shiga jininsa. Jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙar ta, kuma ƙwaƙwalwarsa ce take fi taɓawa, ta rage masa kaifin basira da natsuwa. Ɓarnar da ta yi a nan ba ta gyaruwa. Mace mai ciki ma tana iya miƙa ta ga abin da ke cikinta.

Ma'aunin da ake ɗauka a matsayin abin damuwa ya yi ta sauka. A shekarar 1991 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sa shi a kan maikurogiram 10 a kowace desilita ta jini. A 2012 ta mayar da shi 5, a 2021 kuma 3.5. Matsayin masana a yau shi ne babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Game da alaƙar wannan da gyaran gida kuwa, wani bincike da aka yi a jihar New York a kan yara 972 da aka samu dalma mai yawa a jininsu a shekarun 2006 da 2007 ya gano cewa kashi 14 cikin 100 daga aikin gyaran gida suka same ta.

3.2 Dokar Gyara da Kwaskwarima da Fenti

A shekarar 1992 majalisar dokokin Amurka ta umarci Hukumar Kare Muhalli, wadda ake taƙaita sunanta da EPA, da ta tsara ƙa'idoji ga masu gyaran gidajen da ke da fentin dalma. Hukumar ba ta fitar da waɗannan ƙa'idoji ba sai a watan Afirilu na 2008, suka kuma fara aiki sosai ranar 22 ga Afirilu, 2010. Ita ce dokar da aka fi sani da RRP.

Dokar ta shafi duk wanda ake biya ya yi aikin da zai taɓa fenti a gidan da aka gina kafin 1978, ko a wurin da yara 'yan ƙasa da shekara 6 suke zuwa a kai a kai, kamar gidan renon yara da ajin share fage. Ba ta shafi mutumin da yake gyaran gidan da yake zaune a ciki da hannunsa ba. Haka kuma an ɗauke wa ƙananan gyare-gyare, wato waɗanda ba su taɓa fiye da murabba'in ƙafa 6 a ɗaki ɗaya ba, ko murabba'in ƙafa 20 a wajen gida. Amma canjin taga da rushe gini ba su shiga wannan rangwame ba kome ƙanƙantarsu.

Idan aka duba tsarin dokar za a ga kamar sarƙa ce mai ƙulli huɗu:

(a) Hukumar EPA, ko jihar da aka ba ikon gudanar da nata tsarin, ita ke ba cibiyar horaswa izinin koyarwa.

(b) Cibiyar horaswa ita ke koyar da ɗan kwangila, ta jarraba shi, ta ba shi takardar shaida.

(c) Ɗan kwangila mai shaida shi ke koya wa yaran aikinsa a wurin aiki, ya kuma sa ido a kansu.

(d) Kamfanin da suke yi wa aiki yana yin rajista daban, wadda take ɗaukar shekara 5, kuma wajibi ne ya sa mai shaida aƙalla ɗaya a kan kowane aiki.

Abin lura a nan shi ne, hukuma ba ta sake yi wa ɗan kwangila wata jarrabawa bayan ta cibiya. Takardar kammala kwas ita ce lasisinsa. Su kuma leburori ba sa zuwa aji ko kaɗan, abin da maigidansu ya ɗauko shi za su samu. Ke nan idan cibiya ta yi sakaci, sakacin zai bi sarƙar har ya isa ɗakin da yaro yake rarrafe. Wannan ne ya sa aka ba cibiyoyi damar fara neman izini tun daga 22 ga Afirilu, 2009, wato shekara guda cur kafin dokar ta hau kan 'yan kwangila.

3.3 Sharuɗɗan Samun Izinin Koyarwa

Ƙungiyoyi iri-iri ne suka shiga wannan aiki: kwalejojin koyon sana'a, da ƙungiyoyin ƙwadago na kafintoci da masu fenti, da ƙungiyoyin magina, da sassan kiwon lafiya na ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin sa-kai, da kamfanonin horaswa masu zaman kansu. Kowacce daga cikinsu sharuɗɗa ɗaya ne a kanta.

3.3.1 Manajan Horaswa

Wajibi ne cibiya ta naɗa manajan horaswa, wanda shi ne zai amsa tambaya a kan duk abin da ya faru a cikinta. Ana bukatar ya cika ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko dai ya yi shekara 2 yana koyar da ma'aikata ko manya, ko yana da digiri a fanni irin su fasahar gini, ko injiniyanci, ko kiwon lafiyar jama'a, ko ilimi, ko kuma ya yi shekara 2 yana jagorantar shirin horaswa a kan haɗurran muhalli. Bayan wannan, dole ya nuna yana da masaniya a harkar gini kanta, kamar fenti ko kafinta ko kare lafiyar ma'aikata. Manufar haɗa waɗannan biyu a fili take. Malamin da bai taɓa riƙe guduma ba 'yan kwangila ba za su saurare shi ba, gwanin guduma da bai iya bayani ba kuma ba za su ƙaru da shi ba.

3.3.2 Babban Malami da Malaman Gayya

Manaja shi ke naɗa babban malami ga kowane kwas. Shi ma ana bukatar ya san koyar da manya, ya san aikin gini, kuma ya zama shi kansa ya halarci horon da aka amince da shi a kan dalma na aƙalla awa 8. An yarda a gayyato wasu malamai su taimaka a wani darasi ko a wajen gwajin aiki da hannu, amma alhakin tsara kwas da kula da koyarwa yana kan babban malami.

3.3.3 Manhaja da Kayan Aiki

Cibiya tana da zaɓi biyu. Ko dai ta yi amfani da manhajar da hukumar EPA da Ma'aikatar Gidaje suka tsara tare, ko ta rubuta tata ta miƙa a duba. Yawancin cibiyoyi sun ɗauki ta hukuma domin ta fi sauƙin samun amincewa. Tare da takardar neman izini ana miƙa bayanin wurin koyarwa da kayan gwaji, da tsarin jarrabawa, da yadda za a auna aikin hannu na kowane ɗalibi, da kuma tsarin kula da inganci. Wannan na ƙarshe ya ƙunshi yadda za a riƙa sabunta littattafai da tambayoyi, da yadda za a riƙa duba ƙwazon babban malami kowace shekara. Hukuma tana da kwana 180 ta amince ko ta ƙi. Izinin yana ɗaukar shekara 4, sannan a sabunta. Lokacin da dokar ta fara aiki kuɗin neman izinin kwas na farko dala 560 ne, amma an yafe shi ga hukumomin jiha da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba.

3.3.4 Sanarwa da Adana Bayanai

Kafin a buɗe kowane aji sai cibiya ta sanar da hukuma da aƙalla kwana 7 na aiki, domin jami'i ya iya zuwa ya zauna a ajin ba tare da sanarwa ba. Bayan an gama kuma tana da kwana 10 na aiki ta aika da sunayen ɗalibai da sakamakonsu da hoton kowannensu. Hoton yana fitowa a jikin takardar shaida, don kada wani ya zauna a aji a madadin wani, ko a riƙa aron takarda. Ana ajiye bayanan waɗannan kwasa-kwasai har shekara 5.

3.4 Horar da Masu Horarwa

Cika takardu daban, iya koyarwa daban. Saboda haka ne aka ɓullo da azuzuwan horar da masu horarwa, inda ake tara waɗanda za su zama manyan malamai a bi da su cikin manhajar darasi bayan darasi. Cibiyar Ƙasa ta Gidaje Masu Lafiya da ke garin Kolombiya a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1992, tana cikin waɗanda suka gudanar da irin waɗannan azuzuwa a lokacin da ake shirin fara aiki da dokar.

Abubuwa uku ne irin wannan horo yake ƙoƙarin gyarawa. Na farko shi ne sanin halin ɗalibi. Wanda zai zauna a gaban malamin ba yaro ba ne. Sau da yawa mutum ne da ya shekara 20 ko 30 yana sana'arsa, ya bar aikin yini guda ya kuma biya kuɗi don doka ta tilasta shi. Abin da zai fara faɗi shi ne ya daɗe yana shaƙar wannan ƙura bai ga abin da ta yi masa ba. Malamin da aka shirya da kyau ba ya musu da shi a kan ƙwarewarsa. Yakan nuna masa cewa ƙurar tana bin tufafinsa da takalmansa da kujerar motarsa har gida, inda nasa 'ya'yan suke.

Na biyu shi ne rabon lokaci. Kwas ɗin farko awa 8 ne, kuma a ƙa'ida kowace awa ta ƙunshi aƙalla minti 50 na koyo. Daga ciki wajibi ne a ware aƙalla awa 2 don aiki da hannu. Malamin da ya saki baki a kan tarihin doka da safe zai tarar da yamma ta yi bai shimfiɗa leda ko ɗaya ba. Don haka ake koya wa malamai su riƙa gwada darasin da agogo kafin ranar aji.

Na uku shi ne shirya wurin gwaji. Cibiya tana bukatar ɗaki ko rumfa da za a mayar kamar wurin aiki, da ƙofa da taga na gwaji, da leda mai kauri, da salatif, da alamun gargaɗi, da injin zuƙe ƙura, da rigunan kariya, da katakai masu tsohon fenti don gwaji. An ba da shawarar kada ɗalibai su wuce 6 a hannun malami ɗaya a wannan sashe, domin sai malami ya ga kowane ɗalibi ya yi kowane aiki da hannunsa kafin ya sa masa hannu. Ke nan aji mai mutum 24 yana bukatar malamai 4 a lokacin gwaji. Wannan shi ne wurin da kuɗi ya fi tafiya, kuma shi ne wurin da cibiya mai son riba take fara yanke hanya.

3.5 Abin da Ake Koyarwa

Manhajar hukuma ta kasu darussa 8, tun daga illar dalma da bayanin doka har zuwa adana takardu da koyar da leburori. Za a iya taƙaita zuciyarta a matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne kafin a fara aiki. Ana ba mai gida da mazauna cikinsa ɗan littafin faɗakarwa na hukuma, a karɓi sa hannunsu, kuma kada hakan ya wuce kwana 60 kafin fara aiki. Sannan a gwada fentin da kayan gwajin da hukuma ta amince da su, ko a kankaro ɗan ɓawonsa a aika ɗakin bincike. Wanda bai yi gwaji ba dole ya ɗauka cewa akwai dalma, ya bi dukkan ƙa'idoji.

Mataki na biyu shi ne killace wuri. A cikin gida ana fitar da kaya ko a lulluɓe su, a toshe kafofin iska, a rufe ƙofofi da tagogi, a shimfiɗa leda a ƙasa har ƙafa 6 daga inda ake aiki ta kowace fuska. A waje kuwa ledar takan kai ƙafa 10, a kuma rufe duk ƙofa da tagar da ke cikin tazarar ƙafa 20. Ana kafa alamun gargaɗi don kada mazauna gida su shigo.

Mataki na uku shi ne lokacin aiki. An haramta abubuwa uku: ƙona fenti da harshen wuta, da amfani da injin gurza ko goge fenti mai gudu wanda ba a haɗa shi da matatar ƙura ta musamman ba, da amfani da na'urar hura zafi da ta kai digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin digiri 593 a ma'aunin Salshiyos, domin a irin wannan zafi dalma takan zama hayaƙi. Matatar da ake nufi ita ce wadda ake kira HEPA, mai iya tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3.

Mataki na huɗu shi ne shara da tabbatarwa. Ana yayyafa wa ledar ruwa, a naɗe ta datti yana ciki, a ɗaure a buhu. Sai a share bango daga sama zuwa ƙasa, a zuƙe ƙura da inji, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. Daga nan mai shaida da kansa zai ɗauki farin ƙyalle mai danshi ya goga a bakin taga da daɓen ɗaki, kowane murabba'in ƙafa 40 da ƙyallensa, ya gwada launinsa da wani kati da hukuma ta buga. Idan ƙyallen ya fi katin duhu, sai a sake shara a sake gogawa. Idan ya sake fin katin duhu, sai a jira awa ɗaya ko wurin ya bushe sarai, sannan a goge da busasshen ƙyalle mai kama ƙura.

A ƙarshen yini ana yin jarrabawa, kuma sai wanda ya ci kashi 70 cikin 100, ya kuma nuna aikin hannu, ake ba takarda. Takardar tana aiki shekara 5, sannan a dawo kwas ɗin bita na awa 4. Tun daga 2016 an yarda a yi bitar ta intanet ba tare da aikin hannu ba, amma wanda ya bi wannan hanya shekara 3 kawai takardarsa take yi, kuma bitarsa ta gaba dole ta haɗa da aikin hannu.

3.6 Matsayin Harshe a Cikin Horaswa

Da yawa daga cikin ma'aikatan gini a Amurka Sifaniyanci ne harshensu na farko. Saboda haka hukuma ta fitar da manhajar da Ingilishi da kuma Sifaniyanci. Cibiyar da take son koyarwa da wani harshe da fassarar kanta, sai ta haɗa da takardar shaida daga ƙwararren mai fassara mai zaman kansa, wanda ya gwada fassarar da ta asali ya tabbatar sun dace. Haka nan ana rubuta harshen da aka yi kwas da shi a jikin takardar ɗalibi. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ga mai nazarin harshe, domin ya nuna doka ta yarda cewa ilimin da bai shiga kunnen ma'aikaci da harshen da yake ji ba, ba a ba shi ba. Matsalar takan fi fitowa a ƙulli na uku na sarƙar, inda maigida mai jin Ingilishi zai koya wa leburorin da ba sa ji, kuma babu mai fassara a tsakaninsu.

3.7 Matsalolin da Aka Fuskanta

Matsala ta farko ita ce ƙarancin cibiyoyi. Da ranar fara aiki da dokar ta zo a Afirilun 2010, 'yan kwangila da yawa, musamman na karkara, ba su sami gurbi a aji ba. Ƙungiyoyin magina da wasu 'yan majalisa suka matsa lamba. A watan Yuni na wannan shekara hukumar EPA ta sanar cewa ba za ta hukunta kamfani a kan rashin rajista ba sai daga 1 ga Oktoba, kuma duk wanda ya yi rajistar kwas kafin ƙarshen Satumba yana da damar kammalawa har 31 ga Disamba. Wannan ya nuna cewa shekara gudan da aka ba cibiyoyi su shirya ba ta wadatar ba.

Matsala ta biyu ita ce gasa tsakanin mai bin doka da mai kauce mata. Leda da inji da lokacin shara duk kuɗi ne, kuma wanda bai saye su ba zai yi wa mai gida farashi mai rahusa. Idan ba a hukunta shi ba, ɗalibin da ya koyi aikin da gaske shi ne zai rasa kwangila. An hukunta wasu manyan kamfanoni a kan aikin 'yan kwangilarsu: Lowe's ya biya dala 500,000 a 2014, Sears ya biya dala 400,000 a 2016, Home Depot kuma ya amince da biyan dala miliyan 20.75 a 2020. Amma yawancin gyaran gida ƙananan 'yan kwangila ne suke yin sa, kuma ba su da sauƙin bibiya. A shekarar 2019 ofishin babban mai binciken hukumar EPA ya fitar da rahoton cewa hukumar ba ta aiwatar da dokar yadda ya kamata.

Matsala ta uku ita ce bambancin jihohi. Wasu jihohi, irin su Wisconsin da Iowa da Massachusetts da Oregon, sun karɓi ikon gudanar da tsarin da kansu, kuma suna iya ƙara nasu sharuɗɗa. Cibiyar da take koyarwa a jihohi da dama sai ta san ƙa'idar kowacce.

3.8 Dangantakar Wannan da Ƙasar Hausa

Gubar dalma ba baƙuwa ba ce a nan. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dalmar can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a tsakar gida da hannun yaro a baki. Ta fuskar fenti kuwa, wani bincike da aka buga a 2007 a kan fentin da ake sayarwa a Ibadan ya sami dalma fiye da ƙima a mafi yawan samfuran da aka gwada. Duk bangon makaranta ko asibiti da aka shafa wa irin wannan fenti, wata rana za a kankare shi. Sana'ar fenti da kafinta a ƙasar Hausa a hannun maigida ake koyon ta, kuma ƙulli na uku na sarƙar Amurka wannan hanyar ce ya bi. Tambayar da tsarin nasu ya amsa, wadda duk mai son yin irinsa zai fara amsawa, ita ce: wa zai koya wa maigidan, kuma wa zai tabbatar mai koya masa ya iya?

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa haramta fentin dalma a 1978 bai kawar da wanda ke jikin miliyoyin gidaje ba, kuma gyaran gida yana cikin hanyoyin da suke mayar da shi ƙura. An ga yadda dokar 2008 ta ɗora horaswa a kan cibiyoyi masu izini, da sharuɗɗan manaja da babban malami da manhaja da adana bayanai. An kuma ga cewa awa 2 na aikin hannu su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi amfani, domin a nan ne ɗan kwangila yake sauya abin da hannunsa ya saba. Jinkirin 2010 ya nuna cewa doka ba ta iya gudu fiye da adadin malaman da aka shirya mata. A babi na gaba za a duba aikin ɗan kwangila mai shaida a wurin aiki, da yadda yake isar da abin da ya koya ga yaran aikinsa.